CIKIN KARE DA FATARSA
Darasi a kan sauya wa karen gida abinci

Mai gida, wannan darasi naka ne, kai da ke da kare don gadin gida, ko tsaron garke, ko farauta. Uwargida ma ta saurara, domin ita ce ke zuba wa karen abinci.

Ni ma'aikacin disfansare ne a Ƙofar Durbi cikin birnin Katsina. Aikinmu duba mutane ne, ba mu duba dabbobi. Amma sau da yawa a kan kawo mana yaro yana susa, ko da makero a ka, in mun bi sawun cutar sai mu tarar ta kai mu ga karen gidansu. Saboda haka lafiyar karenka tana cikin lafiyar iyalinka.

WANI ABU DA YA FARU

Da kaka wani mafarauci daga ƙauyukan wajen Rimi ya kawo mini 'ya'yansa biyu, duk sun yi ƙuraje a hannu da ciki, ba su barci don ƙaiƙayi. Na tambaye shi ko akwai dabba a gida. Ya ce akwai karya, ita ma susa ta ke yi, har gashin kunnuwanta ya zube. Wani ya gaya masa wai abinci ne bai karɓe ta ba. Sai ya hana ta tuwo rana ɗaya, ya sayo wani abinci mai tsada na cikin buhu ya cika mata kasko. Kwana biyu sai ga zawo. Ya ce lalle guba aka sayar masa, ya zubar da sauran.

Kuskure biyu ya yi. Na farko, ciwon karyar ƙazwa ce, ita ce ta taɓa yaran, babu ruwan abinci. Na biyu, ya sauya abinci da gaggawa, shi ya kawo zawon. Da likitan dabbobi ya yi wa karyar maganin ƙazwa, mu kuma muka ba yaran na shafawa, duk gidan ya sami sauƙi. Amma kuɗin buhu ya riga ya tafi.

To, don kada ka yi irin wannan hasara, ga abin da ya kamata ka sani.

FARA DA MASU LAIFI NA KUSA

In karenka yana susa, kada ka ɗora wa abinci laifi tukuna. Ƙwari sun fi abinci kawo ƙaiƙayi nesa ba kusa ba. Duba waɗannan tukun:

1. Ƙuma. Buɗa gashin gindin wutsiya da na ciki. In ka ga baƙin gari kamar barkonon da aka daka, sa shi a kan farin ƙyalle mai laima. In ya yi ja, kashin ƙuma ne, watau jinin karenka da ta sha.

2. Kaska. Ta fi son cikin kunne, da wuya, da tsakanin yatsu. Ta fi yawa da damina.

3. Ƙazwa. Wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami cikin fata. Ta kan fara daga bakin kunne, da gwiwar hannu, da ƙirji. Tana kama mutum, musamman yaran da ke rungumar kare.

4. Makero. Gashi ya kan zube a zagaye kamar kwabo. Shi ma yana kama yara.

5. Tsutsar ciki. In kare yana ci ba ya ƙiba, ko ka ga wani abu fari kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa, tsutsa ce. Ƙwan waɗansu tsutsotsin kare ya kan zauna cikin ƙasar tsakar gida, yaro ya yi wasa da ƙasar ya kai hannu baki.

Dukan waɗannan suna da magani wurin ma'aikatan dabbobi. Sai an kore su sarai, amma kare bai daina susa ba, sa'an nan a tuhumi abinci.

ABINCIN DA JIKI YA ƘI

Ka san akwai mutumin da in ya ci kifi ko gyaɗa sai jikinsa ya yi borin jini, alhali kuwa sauran mutanen gida sun ci lafiya. Haka ya ke ga kare.

Ga yadda abin ya ke. A cikin jiki akwai waɗansu dakaru da aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci su kan yi kuskure, su ɗauki wani abinci a kan abokin gaba. Daga ran nan, duk sa'ad da kare ya ci abin, sai su tayar da yaƙi. Filin dagar kuwa shi ne fata da hanji. Abin mamaki, galibi abincin da kare ya daɗe yana ci shi ne ya ke zama mai laifi.

A 2016 likitocin dabbobi sun tattara labarin karnuka 297 da aka tabbatar suna da wannan ciwo. Naman shanu shi ne kan gaba, wajen sulusin karnukan. Sai nono da danginsa, sai naman kaza, sai alkama. Waɗannan karnukan ƙasashen waje ne, cimarsu ta bambanta da ta namu. Amma namu ma suna samun ƙashin shanu daga mahauta, da sauran fura da nono, da kan kaza, da guntun burodi.

Alamun ciwon su ne:

(a) Ƙaiƙayi rani da damina, ba ya bin lokaci.
(b) Lasar tafin ƙafa kullum, da goga fuska a bango, da susar hammata da mara.
(c) Ciwon kunne mai wari, a yi magani ya tafi, ya komo.
(d) Kashi mai laushi fiye da sau uku a yini, ko kukan ciki, ko amai jifa-jifa.

Akwai wani abu dabam da ya kamata ka rarrabe. Babban kare ba ya iya narkar da madara da yawa kamar ɗan kwikwiyo, domin abin da ke narkar da ita cikin hanji yana raguwa bayan yaye. In ya sha da yawa ya yi zawo, wannan rashin narkewa ne kawai. Rage masa, shi ke nan.

ABINCIN GWAJI

Babu awon jini, ko na gashi, ko na miyau da ya ke nuna wannan ciwo a tabbace. Hanya ɗaya ce aka amince da ita: a hana kare dukan abin da ya saba ci, a ba shi abin da jikinsa bai sani ba, a zuba ido. Wannan shi mu ke kira abincin gwaji. Iri biyu ne.

Na farko na kanti ne, likitan dabbobi ke rubuta shi. A masana'anta an farfasa sinadarin naman ƙanana ƙwarai, har dakarun jiki ba su gane shi. Yana da kyau, amma yana da tsada, kuma sai a manyan birane a ke samunsa.

Na biyu na gida ne, shi ne ya fi dacewa da mu. Abu biyu kaɗai za a haɗa: nama iri ɗaya da karen bai saba ci ba, da abin cika ciki iri ɗaya wanda shi ma bai saba ba. Misali, in tuwon dawa da ƙashin shanu ya saba ci, to a dafa masa dankali da kifi, ko shinkafa da naman zomo, ko na raƙumi. A sa nama kashi ɗaya, dankali ko shinkafa kashi biyu. A dafa da ruwa zalla. Ba gishiri, ba magi, ba daddawa, ba yaji, ba albasa. A cire ƙayar kifi da ƙashi.

Ka zaɓi abin da aljihunka zai iya ɗauka har wata biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka san ba za ka iya kai wa ƙarshe ba, gara ka dakata sai bayan girbi.

Wannan dafuwar gida ta gwaji ce kawai, ba ta ƙunshi dukan abin da jikin kare ke bukata na shekara da shekaru ba. Kada a ɗora kwikwiyo mai tasowa a kanta, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, sai da shawarar likitan dabbobi.

YADDA ZA A SAUYA

Cikin hanjin kare akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, ba su ƙirguwa, su ke taya shi narkar da abinci. Sun saba da tsohon abinci. In ka kawo sabo gaba ɗaya, sai su rikice, abincin ya wuce bai narke ba, ya jawo ruwa cikin hanji. Wannan shi ne zawon da karyar mafarauci ta yi. Maganinsa a bi sannu, cikin kwana bakwai:

Rana ta 1 da ta 2: ludayi uku na tsohon abinci, ɗaya na sabo.
Rana ta 3 da ta 4: biyu da biyu.
Rana ta 5 da ta 6: ɗaya na tsoho, uku na sabo.
Rana ta 7: sabo zalla.

A cuɗa su sosai don kada ya tsince wanda ya ke so. A raba abincin yini gida biyu, safe da yamma. In ka ga kashi ya yi laushi, koma ma'aunin jiya, ka tsaya nan kwana biyu, sa'an nan ka ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ranar da ya fara cin sabo zalla, ƙirga mako takwas. Cikin waɗannan makonni, babu abin da zai shiga bakinsa sai abincin gwaji da ruwa mai tsabta. Loma ɗaya ta tuwo da yaro ya jefa masa ta isa ta ɓata gwajin. Saboda haka ka tara iyalinka ka gaya musu, ka gaya wa maƙwabta.

Nan ne wahalar ta ke, domin karen ƙauye mai yawo ne. Ya je juji, ya je mahauta, ya je bayan gari. Lalle ne a tsare shi a gida, a inuwa, da igiya mai tsawo ko cikin shinge. A riƙa fita da shi a riƙe safe da yamma ya miƙe ƙafa. Kashin yara kuwa a zuba shi cikin masai nan da nan, don kare na cinsa. Farauta ma a dakatar da ita, gama ba ka san abin da zai haɗiye a daji ba.

ABIN DA ZA KA GANI

A ciki. Cikin makon farko kashi ya kan yi laushi kaɗan, ko ya sauya launi, ciki ya yi ƙugi, iska ta yi yawa. Wani kare ya kan yi amai sau ɗaya in ya yi haɗama. Wani ya shinshina ya ƙi ci, musamman na kanti, don wani yana da ɗaci-ɗaci. Ɗumama masa, ka ajiye, in bai ci ba ka ɗauke sai lokaci na gaba. Muddin yana shan ruwa, yana kaɗa wutsiya, yana haushi kamar da, kada ka firgita. In abinci ne ke kawo masa ciwon ciki, sauƙi ya kan bayyana cikin mako biyu ko uku.

A fata. Fata ba ta da saurin ciki. Mako na farko da na biyu zai ci gaba da susa, kamar ba a yi kome ba. A nan ne mutane da yawa su ke karaya. Wani bincike na 2015 ya nuna cikin karnuka masu wannan ciwo, fiye da takwas cikin goma sun sami sauƙi a mako na biyar, fiye da tara cikin goma a mako na takwas. Gashi kuwa sai susa ta tsaya ya ke fara tsirowa. In fatar ta riga ta yi gyambo ko ruwa saboda susa, sauyin abinci kaɗai ba zai warkar da ita ba, sai an haɗa da magani daga likitan dabbobi.

Nemi ɗan littafi, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya riƙa rubutawa kowace Juma'a: sau nawa ya yi kashi a yini, yaya kashin ya ke, susa ta ragu ko ta ƙaru, kunne na wari ko ya daina. Ka riƙa shafa haƙarƙarinsa. In ƙasusuwa sun fara fitowa, ƙara masa ma'auni.

ALAMUN DA BA A JIRA

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka ce sauyin abinci ne. Kai shi asibitin dabbobi ran nan:

1. Jini cikin kashi, ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta.
2. Zawo ya wuce kwana biyu, ko amai a kai a kai har ruwa ba ya zama.
3. Ido ya faɗa. In ka ɗaga fatar wuyansa ka saki, ba ta koma da sauri ba.
4. Dasashi ya yi fari.
5. Fuska ko leɓe ya kumbura, ko jiki ya yi rudu-rudu bayan cin sabon abincin. Tsayar da abincin nan take.
6. Ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita.

Kwikwiyo mai zawon jini da wari ba ya jiran gobe. Akwai wata muguwar cuta ta hanji da ta bazu a duniya tun 1978, tana kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Tana da allurar rigakafi.

GWAJIN ƘARSHE

In mako takwas sun cika, kare ya warke, saura abu ɗaya. Mai yiwuwa ne sauyin lokaci ya kawo sauƙin. Don a tabbatar, ba shi tsohon abincinsa. In abinci ne mai laifi, susa ko zawo zai komo, galibi cikin 'yan kwanaki, ba ya wuce mako biyu. Da ka ga haka, koma abincin gwaji har ya lafa.

Sa'an nan ka riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya, kowane ka ba shi mako biyu: tuwon dawa tukun, sa'an nan kaza, sa'an nan nono, sa'an nan naman shanu. Wanda ya tayar da ciwon, shi ne ɓarawon. Hana shi wannan har iyakar ransa, sauran kuwa ya ci abinsa.

In kuwa mako takwas sun wuce ba sauƙi, kuma ka tabbata bai saci kome ba, to mai yiwuwa ciwon daga wani wuri ya ke, kamar ƙurar gida ko garin furen ciyawa. Koma wurin likita. Manyan asibitocin koyarwa na dabbobi suna Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

ABUBUWAN DA AKA HANA

Kada ka shafa wa kare baƙin man mota ko kananzir. Suna ƙona fata, ya kuma lashe su.
Kada ka yi masa wanka da maganin ƙwarin gona ko fiya-fiya. Yana kashe kare, yana kuma cutar da yaron da ya taɓa shi.
Kada ka ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane. Tana huda masa ciki, ta lalata ƙoda ko hanta.
Kada ka ba shi albasa, ko tafarnuwa, ko goro, ko cakulan, ko dafaffen ƙashin kaza.
Kaskonsa dabam, kada ya haɗu da kwanukan gida. A wanke shi kullum.
A kwashe kashinsa a binne. Kowa ya taɓa kare ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Yara su sa takalmi.

GARGAƊI MAFI GIRMA

Akwai ƙin cin abinci da ba na abinci ba ne. In karenka ya sauya hali, yana dalalar da miyau, bakinsa a sake kamar ƙashi ya maƙale masa, ko yana cizon itace da duk abin da ya gani, KADA KA SA HANNU A BAKINSA. Mai yiwuwa haukan kare ne. Kulle shi, ka kawar da yara, ka sanar da ma'aikatan dabbobi da mai unguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa daga cikinsu yara ne. Da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma tun 1885, da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a ƙasar Faransa ya tsira, an san ana iya tare shi kafin ya kama. A ƙasarmu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. A yi wa kare tun yana wata uku, a maimaita kowace shekara. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar tunawa da yaƙi da wannan ciwo a duniya.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a tusa gashin kare, ko toka, ko ganye. A kawo shi asibiti ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Karen kuwa a tsare shi kwana goma ana dubansa, amma kada a jira kwana goman kafin a kawo wanda aka ciza.

TAMBAYOYI

Mai karanta wa jama'a ya yi waɗannan tambayoyi bayan ya gama:

1. Waɗanne abubuwa biyar za a duba kafin a tuhumi abinci?
2. Cikin kwana nawa a ke sauya wa kare abinci? Don me?
3. Mako nawa a ke yin gwaji? Me zai ɓata shi?
4. Wanne ya ke riga samun sauƙi, ciki ko fata?
5. Me za ka yi in kare ya ciji ɗanka?

Karen nan shi ke kwana waje kana barci, shi ke bin awakinka, shi ke wasa da 'ya'yanka. Ka kula da cikinsa da fatarsa, ka kai shi allura kowace shekara. In akwai abin da bai fahimtu ba, tambayi malamin asibiti ko na dabbobi mafi kusa da kai.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.